Tambaya da Amsa: Gwajin Madara Daga Ruga Zuwa Ɗakin Bincike

Wasiƙun da suka iso wa filin kiwo a wannan karon kusan duk a kan madara suke, akasarinsu daga jihar Bauchi. Tun da masu sarrafa yogot da cibiyoyin tara madara suka fara gwada ta kafin su biya kuɗi, gardama ta yawaita tsakanin mai tatsa da mai saye. Mun zaɓi tambayoyin da suka fi maimaituwa, mun taƙaita su.

Ina tara madara daga rugage a yankin Toro ina kai wa masu saye. An mayar mini da jarka biyu, wai ta faɗi gwajin sifirit, alhali ba ta yi tsami ba, ƙamshinta lafiya lau. Ba zalunci ba ne? — Wani mai tara madara, Toro

Malam, mai yiwuwa ba zalunci ba ne, domin hanci da harshe suna makara. Sabuwar madara tsaminta bai wuce kashi 0.14 zuwa 0.18 cikin ɗari ba. Da ya kai wajen 0.21 zuwa 0.23 za ta tsinke a gwajin sifirit, amma baki bai fara jin komai ba tukuna. Mai saye yana tsoron tukunyarsa ne: madarar da ta kai wannan matsayi tana iya tsinkewa idan aka ɗora ta a wuta, ta ɓata sauran da aka haɗa ta da su.

Gwajin ba shi da wuya, kuma gara ku riƙa yin sa tun a ruga kafin ku zuba madarar kowa cikin jarka ɗaya. Ana amfani da itanol, wato sifirit marar launi, mai ƙarfin kashi 68. Idan mai kashi 96 kuka samu, ku auna mililita 68 nasa ku haɗa da mililita 28 na tataccen ruwa irin na ɗakin gwaji. Sifirit mai launi da ake wanke ciwo da shi bai dace ba, don ba ku san ainihin ƙarfinsa ba. Ku ɗebi madara mililita 2 da sirinji, ku zuba itanol mililita 2 a kai cikin ƙaramar kwalba mai haske, ku jujjuya a hankali, ku duba jikin kwalbar. Idan ta wanke fes, ta ci. Idan kun ga ƙananan gudaji sun manne, ta faɗi. Ku tambayi mai sayenku ƙarfin nasa itanol ɗin, domin wasu suna aiki da 72 ko 75, kuma madarar da ta tsira a 68 tana iya faɗuwa a can. Ranar da babu itanol, ku tafasa cokali guda a kan wuta. Idan ta tsinke, ta riga ta yi nisa, don wannan gwajin sai tsami ya ɗara na farkon yake kamawa.

Sai dai ba tsami kaɗai ke kayar da madara a gwajin sifirit ba, kuma a nan ne kuke da abin faɗa. Dakashi yana tsinkewa, don haka saniyar da ta haihu kada madararta ta shiga jarka sai bayan kwana biyar zuwa bakwai. Madarar saniyar da ta kusa ƙafewa da ta mai ciwon hantsa duk suna yin haka. Da bazara kuma, lokacin da shanu ke fama da yunwa, akan sami madarar da ba ta yi tsami ba amma ta kasa jure itanol. Abin da zai raba gardama shi ne gwajin tsami na ainihi: madara mililita 9, a zuba mata fenolftalin, sinadarin da ke canza launi, a riƙa ɗiga ruwan sodiyam haidiroksaid mai ƙarfin 0.1 N har ta yi ja-ja kaɗan wanda bai gushe ba. Mililitan da aka ɗiga a raba shi da goma, shi ne tsamin. Idan ya tsaya a 0.16, ba jinkirinku ba ne, a koma kan shanun.

Amma gaskiya, sau da yawa laifin na lokaci ne da na jarka. Madara tana fitowa daga hantsa da zafin digiri 37, tana da kariya ta halitta da ba ta wuce awa biyu zuwa uku. Daga nan ƙwayoyin cuta sukan ninka kansu duk bayan minti 20 zuwa 30, musamman a zafin Maris da Afrilu. Jarkar roba mai ƙaramin baki hannu ba ya shiga cikinta, maiƙo yana maƙalewa a kusurwoyi, madarar jiya ce ke lalata ta yau. Ku nemi garwar alminiyam ko ta ƙarfen da ba ya tsatsa mai faɗin baki. A ɗauraye da ruwan sanyi tukuna, sannan ruwan zafi da sabulu da buroshi, a kife a rana. Kuma kada a haɗa tatsar yamma da ba a sanyaya ba da ta safe.

Ina yin yogot, ina zargin masu kawo mini madara suna yin algus da ruwa. An ce in sayi laktomita. Ya isa? — Wata mai sana'ar yogot, Azare

Hajiya, ku saya, ba shi da tsada, amma shi kaɗai bai isa ba, kuma yawancin masu riƙe da shi ba su karanta shi daidai.

Laktomita nauyin madara yake aunawa. Madarar saniya tsantsa tana tsakanin 1.026 da 1.032, wato 26 zuwa 32 a jikin ma'aunin. Ruwa yana saukar da lambar. Ku juya madarar sosai, ku zuba a dogon kofin awo ta gefe don kada ta yi kumfa, ku saki laktomitan a hankali ba tare da ya taɓa jikin kofin ba, ku bari ya natsu, ku durƙusa idonku ya yi daidai da saman madarar sannan ku karanta.

Kuskuren farko na zafi ne. Kowane laktomita akwai zafin da aka saita shi a kai, a rubuce a jikinsa: wasu digiri 20, wasu 27, tsofaffi 15.5. Madara mai ɗumi tana nuna ƙasa da gaskiyarta. Duk digiri ɗaya sama da zafin da aka saita, ku ƙara 0.2; duk digiri ɗaya ƙasa, ku rage 0.2. A ce naku na digiri 20 ne, madarar tana digiri 28, ya nuna 27. Bambancin digiri 8 ne, ku ƙara 1.6, ainihin lambar ta zama 28.6. Wanda bai yi wannan lissafi ba zai zargi baiwar Allah da ba ta yi komai ba. Idan madarar ta haura digiri 30, gyaran ma ba abin dogaro ba ne, ku tsoma kofin cikin ruwan sanyi ya sauka. Haka nan wadda aka tatsa yanzu-yanzu takan nuna ƙasa kaɗan, sai ta yi awa ɗaya ko biyu. Ke nan ma'aunin zafi dole ne tare da laktomita.

Na biyu, tazarar 26 zuwa 32 tana da faɗi. Lita ɗaya ta ruwa cikin lita tara na madara tana sauke lambar da kusan uku ne kawai. Madarar da asalinta 30 ce za ta koma 27, ta wuce gwaji salin-alin. Maganin wannan shi ne littafi: ku riƙa rubuta lambar kowane mai kawowa kullum. Wadda ta saba kawo 30 ta wayi gari da 27, akwai magana. Idan ta musa, a je rugar a tatsa a gaban ido a auna, wannan ya fi cacar baki.

Na uku shi ne wanda ya fi wayo. Maiƙo ya fi ruwa rashin nauyi, saboda haka idan aka yaɗe saman madara don man shanu, lambar hawa take yi. Mai kwashe maiƙon sannan ya zuba ruwa zai dawo da ita daidai 29, laktomita ya ba shi shaidar kirki. Gwajin maiƙo ne kaɗai ke tona wannan. Hanyar Gerber ita ce aka fi sani: asid na salfa mililita 10 cikin kwalbar gwajin, madara wajen mililita 11 a zuba a hankali ta gefe, amil alkohol mililita 1, a toshe, a girgiza har farin ya narke, a sa a injin juyawa na ɗakin gwaji minti biyar da gudun juyi kusan 1,100 a minti, a tsoma a ruwa mai digiri 65 na 'yan mintuna, a karanta tsawon maiƙon a wuyan kwalbar. Ba aikin ɗakin girki ba ne. Asid ɗin yana cin fata, kwalbar kuma tana ɗaukar zafi sosai. A bar wa ɗakin gwaji.

Da kun sami lambobin biyu, za ku iya fitar da sauran sinadaran da ba maiƙo ba: lambar laktomita ta digiri 20 a raba huɗu, a ƙara maiƙon sau 0.22, a ƙara 0.72. Lamba 29 da maiƙo 4.5 suna ba da 8.96, lafiya ke nan. Ƙasa da 8.5 abin tuhuma ne.

Kada kuma ku yi saurin yanke hukunci kan maiƙo na rana ɗaya. Bunaji da Rahaji da Bokoloji madararsu ta fi ta shanun Turai maiƙo, amma farkon tatsa tsararo ne, maiƙon yana ƙarshe. A ruga maraƙi ne ke fara tsotsa don nono ya sauko, shi ne kuma ake bar wa saura, don haka abin da ya shiga ƙwarya ya danganta da inda mai tatsa ta tsaya.

Akwai ƙananan injuna irin su Lactoscan da ke ba da maiƙo da furotin da kiyasin ruwa cikin kusan minti ɗaya. Suna da amfani ga mai sayen madara da yawa, in dai ana wanke su kullum ana kuma daidaita su da sakamakon Gerber. Kumfa da madara mai tsami suna ruɗa su, kuma ba su ganin ƙwayar cuta ko magani.

Ana cewa wasu na sa kanwa ko gari a madara. Yaya ake ganewa? — Wani mai shayi, Misau

Gari ko sitaci: ku tafasa madara mililita 3, ta huce, ku ɗiga aidin ɗigo biyu ko uku. Shuɗi ya fito, akwai sitaci. Kanwa da hodar bekin soda kuwa ana sa su ne don ɓoye tsami, su sa madarar da ta lalace ta tsallake gwajin sifirit, ƙwayoyin cutar na nan daram. Takardar auna pH, wato ma'aunin tsami, tana taimakawa: madara lafiyayya tana 6.6 zuwa 6.8, abin da ya haura haka ko dai an sa wani abu ko akwai ciwon hantsa. A ɗakin gwaji ana tabbatarwa da asid na rozalik, wanda ke mayar da ita ja.

Sau uku yogot ɗina ya ƙi yin barci, ga madarar ta ci gwajin sifirit da na laktomita. Na canza iri ma bai yi ba. — Wani matashi mai ƙaramar masana'anta, Bauchi

Idan zafin da kuke ajiyewa daidai ne, wato digiri 42 zuwa 45, irin, wato yogot ɗin da kuke zubawa don madara ta kama, kuma mai rai ne, to abin da muka fi zargi shi ne ragowar maganin allura. Saniyar da aka yi wa fenisilin ko oksitetrasaikilin tana fitar da shi a nono, shi kuma ba ya bambanta ƙwayar cuta da ƙwayar da ke kama yogot. Gwaje-gwajen da kuka yi babu wanda aka yi shi don wannan. Hasali ma madara mai magani ta fi jimawa ba ta yi tsami ba, sai ta yi kama da mafi kyau a cikin jarkoki.

Abin da ake magana a kai kaɗan ne ƙwarai. Iyakar da ka'idar abinci ta duniya ta amince da ita ga fenisilin ita ce maikirogiram 4 a kowace lita (maikirogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram), ga dangin tetrasaikilin kuma 100. Madarar saniya ɗaya tana iya ɓata ta garke guda, tafasawa kuma ba ta kawar da shi.

Gwaji iri biyu ne a kasuwa. Akwai 'yar takardar da ake tsomawa, ta ba da amsa cikin minti biyar zuwa goma, amma kowace irin dangin maganin da aka yi ta dominsa kaɗai take gani. Ku nemi mai kama fenisilin da tetrasaikilin tare, su ne aka fi yi wa shanu a nan. Akwai kuma irin Delvotest, wanda ake ɗiga madara a 'yar kwalba mai wata ƙwayar bakteriya, a ajiye a digiri 64 na kusan awa uku. Launi ya juya daga shunayya zuwa rawaya, babu magani. Ya tsaya a shunayya, akwai abin da ya hana ƙwayar girma. Dukkansu a firji ake ajiye su, zafin shago yana kashe su kafin ranar da aka rubuta.

Kafin ku sami waɗannan, ku ɗebi rabin kofi daga madarar kowane mai kawowa, ku dafa, ta huce zuwa digiri 43, ku sa ƙaramin cokali na iri, ku jera su wuri mai ɗumi tare da kofi ɗaya na madarar da kuka amince da ita. Bayan awa huɗu, wanda bai kama ba alhali na amanar ya kama, kun san ƙofar da za ku ƙwanƙwasa. Wannan magani mai yawa kaɗai yake kamawa.

Ga makiyaya: kowace kwalba tana ɗauke da kwanakin da za a jira kafin a sayar da madara. Wasu kwana uku, wasu mako ko fiye, wasu ma an rubuta kada a yi wa saniyar da ake tatsa. Daga allurar ƙarshe ake ƙirga, ba ta farko ba. Idan aka zarce adadin da aka rubuta, kwanakin ma sun ƙaru. A ɗaura wa saniyar ƙyalle a ƙaho, a tatse ta a ƙarshe cikin ƙwarya dabam. A ganinmu mai sayen da ya biya wani abu kan madarar da aka zubar don gaskiya ya fi riba a kan wanda ke hukunci kawai, domin hukunci ɓoyewa yake koya wa mutane.

Shanuna 'yan haɗi ne da Firiziyan. Nono ya ragu, hantsa ba kumburi, madara fara tas, amma an ce in yi gwajin CMT. Mene ne amfaninsa? — Wani Alhaji mai gona, hanyar Dass

Alhaji, ciwon hantsa da ake gani da ido, mai kumburi da gudaji ko jini, shi ne ƙaramin kaso. Mafi yawansa a ɓoye yake, yana rage nono ba tare da alama ba, kuma shanun haɗi masu yawan nono sun fi kamuwa. Idan ƙwayar cuta ta shiga hantsa, jiki yana tura fararen ƙwayoyin jini su yaƙe ta, su ne ake ƙirgawa. Lafiyayyar saniya ba ta kai 200,000 a mililita ɗaya. Tarayyar Turai ba ta karɓar madarar garke da ta haura 400,000, Amurka kuma ta tsaya a 750,000.

CMT, wanda aka fito da shi a Kalifoniya a 1957, hanya ce ta ganin wannan a gindin saniya. Faranti ne mai rami huɗu, kowane kan nono da raminsa. Ku zubar da tsirtowa biyu ko uku na farko, ku tatsa kaɗan a kowane rami, ku karkata farantin har ya rage kamar mililita 2, ku zuba ruwan gwajin daidai yawan madarar, ku jujjuya daƙiƙa goma. Ku karanta nan take, don bayan daƙiƙa 20 alamar tana fara bajewa. Wanda ya tsaya ruwa-ruwa lafiya yake. Wanda ya yi yauƙi kamar miyar kuɓewa, ko ya dunƙule a tsakiya, wannan ɓangaren ya kamu. Kada a yi shi a kwanakin dakashi ko dab da ƙafewa, zai nuna ciwon da babu.

CMT bai faɗin wace ƙwaya ce, don haka ba dalilin ɗauko allura ba ne. Ku sa a ɗauki samfur daga wannan kan nonon kafin a ba da kowane magani. A wanke hannu, a goge kan nonon ya bushe, a goge bakinsa da auduga mai sifirit kashi 70 har audugar ta daina yin datti, a zubar da tsirtowar farko, a riƙe kwalbar da aka kashe wa ƙwayoyin cuta a karkace don kada ƙura ta faɗa, a tatsa, a rufe. Ɗakin gwaji zai shuka ta, cikin kwana biyu zuwa uku ya faɗi ƙwayar da maganin da ke kashe ta. Kafin nan, masu ciwon su zama na ƙarshe a layin tatsa, kowace saniya da tsummanta, a kuma tsoma kan nono a ruwan aidin na shanu bayan an gama.

Ƙungiyarmu tana so ta kai madara ɗakin gwaji. Yaya za mu ɗauka, me kuma za mu ce a duba? — Sakataren wata ƙungiyar makiyaya, Darazo

Ku fara zuwa ko ku kira ɗakin gwajin kafin ranar, ku ji abin da suke iya yi da ranar da suke karɓa, su ba ku kwalabensu. Ofishin likitan dabbobi na ƙaramar hukumarku ne zai nuna muku inda ya dace. Yawancin sakamakon da ke jawo rigima tun a wurin ɗiba aka ɓata shi.

Madarar da ta zauna rabin awa maiƙonta ya taso sama, ƙwayoyin cuta da yawa kuma suna binsa. Wanda ya ɗiba daga sama zai ga maiƙo mai yawa, wanda ya ɗiba daga ƙasa zai ce an yi algus. A juya da dogon ludayi mai tsabta daga ƙasa zuwa sama, ko a juye daga garwa zuwa garwa sau uku ko huɗu. Idan garwa da yawa ne, a ɗiba daga kowace gwargwadon yawanta. Mililita 50 ya wadatar wa yawancin gwaji. Kada a cika kwalba fal, kada kuma a bar ta rabi, don jijjigar hanya tana kaɗa maiƙon ya zama mai. A rubuta suna da rana da lokacin tatsa a jikin kwalbar, ba a murfi ba. A sa a kula da ƙanƙara, sanyin ya tsaya tsakanin digiri 0 da 4, ta isa cikin awa 24. Kada ta daskare, daskarewa tana ɓata gwajin maiƙo da ƙirgen ƙwayoyi. Idan sun ba ku kwalba mai ƙwayar maganin adanawa, ta gwajin maiƙo da furotin ce kawai. Ba a ƙirga ƙwayar cuta da ita, kuma guba ce, a nisanta ta da yara.

Abin da za ku nema ya danganta da damuwarku. Don farashi, maiƙo da furotin da sauran sinadarai. Don zargin ruwa, inda akwai injin, ma'aunin daskarewa ya fi komai: madara tana daskarewa a wajen digiri 0.52 ƙasa da sifiri, ruwa kuma yana matso da ita kusa da sifiri. Don tsabta, ƙirgen ƙwayoyin cuta, wanda ke ɗaukar awa 72 a digiri 30. Ma'aunin Turai 100,000 ne a mililita, tatsar hannu mai tsabta da saurin sanyayawa tana iya kusantarsa. Cibiyar da ba za ta jira kwana uku ba tana iya yin gwajin rizazurin: madara mililita 10, ruwan gwajin mililita 1, digiri 37, minti goma. Shuɗi mai kyau ce, ruwan hoda ta fara lalacewa, fari a mayar.

Shanu uku sun yi ɓari a garkenmu, yara kuma suna shan madara da ɗuminta. Akwai gwaji? — Wani Ardo, Ningi

Ranka ya daɗe, a daina ba yara ɗanya daga yau. Ɓari a watannin ƙarshe na ciki, da mahaifa da ke ƙin faɗuwa, da kumburin gwiwa, alamun bakkale ne, kuma yana kama mutum ta madara: zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, gumin dare, ciwon gaɓoɓi, a yi ta shan maganin maleriya ba sauƙi. Tarin fuka na shanu ma ta nan yake bi. Madarar da ke ɗauke da su tana cin duk gwajin da muka ambata a sama. Tafasawa tana kashe su, haka riƙe ta a digiri 63 na minti 30. Tsamin nono kaɗai ba abin dogaro ba ne, a dafa kafin a sa iri.

Gwajin farko na garke shi ne na zobe: ɗigo ɗaya na ruwan gwaji mai launi cikin mililita 1 na ɗanyar madara, awa ɗaya a digiri 37. Zobe shuɗi ya taru a saman maiƙo, akwai zargi. Dakashi da ciwon hantsa suna iya ba da amsar ƙarya, saboda haka sai an bi da gwajin jinin kowace saniya. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato, wadda take aiki tun 1924, ita ce babbar madogara kan irin wannan, likitan dabbobi ne zai ɗauki samfurin ya aika. Abin da aka ɓarar da mahaifar a binne su da zurfi, kada a taɓa da hannu tsirara, kada a bar wa karnuka. Duk wanda ke zazzaɓi a gidan ya gaya wa likita cewa shanu sun yi ɓari.

Dusa da anguryar da na ajiye sun yi fumfuna. Idan na shanya na ba shanu, zai taɓa madara? — Wata mai kiwo, Alkaleri

Zai taɓa. Fumfunar masara da gyaɗa da angurya tana haifar da gubar aflatoksin, hantar saniya ta juya ta, ta fito a nono cikin awa 12 zuwa 24. Shanya ba ta kashe gubar, tafasa madarar ma haka, kuma tana illa ga hanta, yara sun fi shiga haɗari. Ba ta da launi ko wari, sai ɗakin gwaji ko takardar gwaji ta musamman. Iyakar ka'idar duniya rabin maikirogiram ce a kilo ɗaya na madara. Idan aka janye abincin, madarar takan wanke cikin kwana uku zuwa huɗu. Wanda ya yi kore ko baƙi ko ya dunƙule a zubar. Sabon da za ku saya ku tabbatar ya bushe ƙayau, ku ɗora buhunan a kan katako nesa da bango, kuma da damina kada ku tara fiye da na wata guda.